Sitabilaizar Hasanatu

Duk Bahaushen da ya taɓa cin tuwo a gidan Hasanatu a unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur ya san sitabilaizarta. Wani baƙin akwatin ƙarfe ne mai nauyin tsiya, irin wanda ake jona wa firiji a gida Najeriya don ya tare wuta in an kawo ta da hauka. Tun daga Kano ta yo dakonsa, har tukwane ta bari a filin jirgi don ya samu gurbi a kaya. Mijinta Malam Muhyiddeen ya yi bayani har bakinsa ya gaji, cewa wutar Malesiya ba ta hawa ba ta sauka, tunda suka zo ko ƙiftawar ƙwan fitila ba su gani ba. Ita kuwa ko a jikinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake, kuma tabon nata saran yana nan a bayan hannunta na dama, fari fat. Don haka abin da ya fi komai daraja a gidan shi ake jona wa sitabilaiza, kuma shekara da shekaru firiji ne ke riƙe da wannan sarauta.

'Yarsu ɗaya ce, Ihsan, shekararta sha biyar. Tana ƙarama aka zo da ita, to ka san sauran labarin. A yi mata Hausa ta mayar da Turanci, in ranta ya ɓaci ta juye Malay. Hasanatu kuma mace ce irin ta da, mai kunyar 'yar fari. Ba ta kama sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, daga "ke" sai "yarinyar nan". A Kano kowa ya san wannan so ne da ya yi yawa har ake ɓoye shi, amma a Kuala Lumpur wa zai gaya wa yarinya haka? Ita dai abin da take gani, iyayen ƙawayenta na rungume su a bakin makaranta, tata uwar kuwa iyakarta ta tambaye ta ko ta ci abinci. Sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ita da jitarta. Uban ma bai tsira ba, tsakaninsa da ita ina kwana ce da sai da safe. Jitar nan an sha surutu a kanta a wajen 'yan uwa 'yan Najeriya, shi ya ce a ƙyale ta, gara ta kaɗa a gabansa da ta kaɗa a bayan idonsa. To a gaban nasa ma ba ta kaɗawa. Wannan rufaffiyar ƙofa ita ke ci wa Hasanatu tuwo a ƙwarya, don tana gani ƙiri-ƙiri yarinyar na zamewa daga hannunsu.

Rannan ana cin abinci sai Ihsan ta ɗago kai ta ce makarantarsu za ta yi bikin ƙarshen shekara ranar Asabar ta sama, an ba ta waƙa guda ita kaɗai, amma sai da feda. Feda wani ɗan akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da sifika, mai kiɗa ya taka da ƙafa, muryar jitar ta yi kauri ta yi amo. Ta ce wani ɗan ajinsu, Rayyan, yana da ta kanti, zai ara mata.

Muhyiddeen ya ajiye cokali. "Aro kuma, ina raye? Ni zan haɗa miki."

Ta dube shi sheƙeƙe. "Boleh ke, Abba?" Wato anya zai iya kuwa.

Ka ji yarinya! Ita ta san ubanta da karatun tsara birane a jami'ar da ke Jalan Semarak, mai takardu da taswira. Ba ta san a shagon gyaran rediyo na marigayi mahaifinsa a Fagge ya yi wayo ba, yana riƙe wa tsoho waya tun hannunsa bai kai kanta ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Washegari ya dawo daga Jalan Pasar, layin masu sayar da kayan wuta, da leda cike da 'yan ƙananan kaya kamar tsabar wake, da dalma, da ƙarfen narka ta. Ya share teburin cin abinci na falo ya mai da shi shago.

Hasanatu ta tsaya daga bakin kicin tana kallo, zuciyarta fal farin ciki. Da gari ya waye, uba ya tafi ofis 'ya ta tafi makaranta, sai ta dubi teburin nan, ga sifikar yarinya, ga aikin Malam, duk a jone a bango tsirara ba mai tsaro. Ina! Ta shiga kicin ta tsige firiji daga sarautarsa, ta ce yau ya kare kansa. Ta jawo sitabilaiza da nishi, ta tura ta ƙarƙashin tebur, ta jona mata doguwar wayar soket ɗin da suke amfani da ita, ta saki mayafin tebur ya rufe. Ba ta gaya wa kowa ba, don a wajenta ba abin faɗa ba ne.

Da yamma aka yi gwajin farko. Malam ya haɗa fedar a cikin robar tapau, irin wadda ake zubo shinkafa daga shagon abinci na mamak, ya huda ta ya fito da maɓalli. Ihsan ta jawo kujera ta zauna a bakin tebur, jita a cinya. Ta kaɗa, murya ta fito ras. Ta taka feda.

Tirƙashi! Wani ƙugi ya cika falon, huuuu, kamar injin niƙa a maƙota. Muryar jitar tana ciki, ta yi kauri yadda ake so, amma da ta ɗauke hannu daga tsirkiya sai ƙugin ya tsaya shi kaɗai yana cin karensa ba babbaka. Ihsan ta taɓe baki. Ta ce malaminsu ba zai bar wannan ya hau dandamali ba, kuma ranar Juma'a yake so kowa ya faɗi kayan da zai zo da su.

Wani namijin da nan zai fara kame-kame, ko ya ce kayan Jalan Pasar ne jabu. Muhyiddeen kuwa murmushi ya yi, ya gyara zaman tabarau. "Madalla, ya yi magana. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da kakanki ya koya mini shi ne, kada ka taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. Taɓa ɗaya, ka saurara. In ka taɓa biyu ya gyaru, ba ka san wanda ya gyara ba, gobe in ya dawo ka zama baƙo. Amma ni kunnena ya tsufa. Ki ara mini naki."

Haka aka shiga farauta, kullum bayan la'asar. Da farko ya zargi adaftar da ke ba fedar wuta, ya cire ta ya sa batir. Ihsan ta rufe ido ta karkata kai, can ta ce ai murya biyu ce, akwai siririya kamar kukan sauro a sama, akwai mai kaurin a ƙasa. Sauron ya tafi, mai kaurin yana nan. Malam ya saki baki yana kallonta. Ya rantse shi ɗaya yake ji, kuma ko tsoho a zamaninsa sai ya jinjina wa wannan kunne. Yarinya ta sunkuyar da kai tana murmushi, Hasanatu ta gani daga kicin har ta kusa yanke yatsa.

Sai ya koma kan robar tapau. Ya ce roba ɗaki ne ba ƙofa, kowace iska ta wutar gida shiga take, dole sai gidan ƙarfe wanda za a ɗaure da wayar ƙasa mai kwashe ɓatacciyar wuta. Ana cikin neman gwangwani sai ga Hasanatu ta fito daga ɗaki ta dire wani abu a tebur, tana kallon wani wajen. "Ga wannan, na tsinta cikin tarkace." Gwangwanin fensirin Ihsan ne na ajin farko, mai hoton kyanwa, an goge shi tas. Tarkacen ƙarya! A ƙasan akwatinta yake naɗe cikin ɗankwali tun ran da yarinyar ta yar da shi. Aka mai da kayan cikin fedar can, ƙugi ya ɗan ja baya.

Ya rage tsawon wayoyin ciki, ya murɗe su biyu-biyu kamar igiya. Ya tattaro duk wayoyin ƙasa ya haɗe su a wuri guda maimakon kowace ta kama gabanta. Ya bi ɗaurin dalma ɗaya bayan ɗaya da tsinken ƙarfe, ya samu wani da ya yi duhu bai kama ba, ya ce wannan laifinsa ne, hannu ya kwana biyu, ya sake shi. Wallahi kallon mutumin nan yana aiki abin sha'awa ne. Ba gaggawa, ba tsaki, in ya taɓa abu sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "To, Malama, me kika ji?" Har ya kai ga ba ta ƙarfen ta narka dalma da kanta, yana riƙe mata waya kamar yadda ya riƙe wa ubansa. Tana tambayarsa labarin Fagge, yana ba ta, Hausarta na tuntuɓe tana tashi. Ƙofar ɗaki kuwa a buɗe take wuni, ba wanda ya tuna da ita.

Sai dai mai kaurin nan ya ƙi tafiya. Ranar Alhamis Malam ya sa fedar a jaka ya tafi da ita ofis, ya jona mata wayar salularsa a madadin jita, da 'yar sifika, ya ƙure murya. Shiru kake ji. Ya dawo gida da fara'arsa har da tsarabar gurasar roti, ya ce an gama. Ihsan ta zauna a kujerarta, ta taka.

Huuuu.

Ta zare jitar daga wuya a hankali. "Ba komai lah, Abba. Ka yi ƙoƙari. Gobe zan gaya wa malaminmu ta Rayyan zan karɓa." Ta shige ɗaki, ƙofa ta rufu.

Allah Sarki. Hasanatu ba ta taɓa ganin kafaɗun mijinta sun faɗi haka ba, ko ran da aka dawo masa da kundin digirinsa ya sake. Ya daɗe zaune yana juya gwangwanin a hannu. Tausayinsa ya kama ta, tsoro kuma ya fi tausayin, don ta san in fedar aro ta hau dandamalin nan, ƙofar can ba za ta sake buɗuwa da sauƙi ba. Da ya tashi alwala ta lallaɓa ta ɗaga mayafin tebur, ta tabbatar jar fitilar sitabilaiza na ci, ta shafa kanta ta ce Allah dai Ya kawo mafita.

Da safe Malam ya roƙi Ihsan ta ce wa malaminsu ya ƙara mata lokaci zuwa yamma. Da aka sauko daga Juma'a, ta dawo daga makaranta, ya ce ta zo gwaji na ƙarshe, kuma yau ba zai taɓa fedar ba. "Na gama da ita, na yarda da aikina. A ofis shiru, a nan ƙugi. To me ke nan da babu a can?"

Ta zauna ba don ta so ba, ta taka, ƙugi ya tashi. Ya ce ta murɗe maɓallin muryar da ke jikin jitar har ƙasa. Ta murɗe. Ɗif, kamar an ɗauke ruwa.

"Alhamdulillahi. Ta jitar yake shigowa."

"Oh, yanzu kuma laifin jitata ne?"

"Ko kaɗan. Waɗannan maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya kunnuwa ne, suna jin abin da mu ba ma ji. Feda kuma ba ta ƙirƙirar komai, abin da aka ba ta take kumburawa, mai kyau da marar kyau. Akwai mai ƙugi a falon nan. Mayar da muryar, ga doguwar waya, tashi ki nemo mana shi."

Ta miƙe da jita a rataye ta fara zagaye. Ta nufi taga, ƙugi ya ragu. Ta matsa wajen talabijin, ya ɗan motsa ya koma. Ta zo har bakin kicin inda uwarta ke tsaye da ludayi, nan kam kusan shiru. Idonta ya fara haske, fushin ya tafi, farauta ta yi daɗi. Ta juyo wajen tebur, taku ɗaya ƙugi ya ɗaga, ta ƙara ya ƙaru. Ta durƙusa ta kusantar da jitar ƙasa, sai sifika ta ɗauki ruri har kofuna na rawa. Ta sa hannu ta yaye mayafin tebur. Ga gwanar a zaune da jar fitilarta, daidai inda gwiwar mai kiɗa take kullum.

Malam ya dafe kai. "Taransifomar cikinta! Wa ya kawo wannan nan?"

Hasanatu ta matso daga bakin kicin. "Ni ce," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na ga kayan a bango ne haka nan."

Ihsan ta miƙe, magana na zubowa da Turanci da Malay a cakuɗe. Duk wahalar da Abba ya sha, duk ranakun nan, ashe wannan tsohon akwatin ne! Ba Najeriya ake ba! Ta ƙarasa da Hausa, don ta tabbatar ta shiga: "Umma, kin fi son akwatin nan da mutane."

Kai, maganar ta yi zafi. Hasanatu ta ji ta har ƙashi, ga kunya kuma, garin neman gira ta kusa rasa ido.

Muhyiddeen bai daka tsawa ba. Ya tashi ya leƙa kicin, ya ga wayar firiji a soket ɗin bango, ya daɗe yana kallonta. Ya dawo ya zauna.

"Ihsan, kin taɓa tambayar abin da ya samu hannun uwarki?"

Ta girgiza kai.

"Kina jaririya, muna Ɗorayi. Da rana tsaka aka kawo wuta da ƙarfi, ina wajen aiki. Soket ɗin fanka ya yi tartsatsi, labule ya kama, ya faɗo kan katifar da kike barci. Da wannan hannun ta yaye shi, da shi ta kashe. Ko gashinki ɗaya bai ƙone ba. Tun daga ranar, abin da ta fi ji da shi a gida shi take jona wa akwatin nan. Tunda muka zo ƙasar nan ban taɓa ganin an cire firiji daga kansa ba. Je ki duba inda firiji yake yau."

"Malam, ka cika surutu," in ji Hasanatu, ta juya ta koma kan tukunyar da ba ta buƙatar juyi.

Tana jin takun yarinyar ya zo bakin kicin ya tsaya, ya daɗe, ya koma. Sai ta ji ƙas, an kashe sitabilaiza, an mayar da waya bango. Aka taka feda. Ba ƙugi, ba sauro, sai ƙarar fankar sama. Can jita ta saki wata murya mai kauri, tsaf, har tsigar jikin Hasanatu ta tashi, Malam na ta kabbara kamar an yi masa albishir da Makka. Jim kaɗan sai ga Ihsan ta shigo rungume da baƙin akwatin tana nishi, ta ajiye shi a mazauninsa, ta durƙusa ta jona masa firiji da kanta. Da za ta fita ta ɗan tsaya tana kallon hannun da ke riƙe da ludayi.

Ranar Asabar Hasanatu ta tashi da fargaba. Wutar gida dai ta san ta, ta zauren makaranta fa? Sai da ta ɗauko babbar jakar cefane ta tsaya a gaban sitabilaiza, sannan ta mayar da jakar ta rataye. Suka hau tasi da jita da sifika da gwangwani mai hoton kyanwa.

Kafin a fara, iyaye na ta taya 'ya'yansu jera kaya a gefen dandamali. Malam ya shimfiɗa wayoyi, nesa da duk wani abu mai taransifoma, ya duba ya sake dubawa. Saura a jona sifika a bango. Ihsan ta ɗauki kan wayar, maimakon ta nufi soket sai ta nufo uwarta.

"Umma, ke ki saka."

Hasanatu ta dubi soket ɗin nan, baƙo, ba mai tsaro tsakaninsa da 'yarta. Wallahi tsoro ta ji, irin na ranar Ɗorayi. Ta karɓa da hannun dama, ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta tura. Fitila ta kawo. Ihsan ta taka feda ta ɗaga hannuwa sama yadda ubanta ke yi, su ukun suka kasa kunne. Ba komai.

Da aka kira sunanta ta hau, ta sa ƙafa a kan gwangwanin fensirinta, zauren ya cika da muryar da aka haɗa a teburin cin abincinsu. Muhyiddeen ya cire tabarau yana gogewa, ya mayar, ya sake cirewa. Wata Bamalayiya da ke zaune kusa da Hasanatu ta karkato tana tambaya ko 'yar waye wannan mai hijabi ruwan toka, ta iya ƙwarai.

A Kano da sai Hasanatu ta kau da kai ta ce oho, 'yar mutane ce. Ta buɗe baki, Hausa ta ƙi fitowa, kunya ta riƙe ta. Sai ta lalubo ɗan Malay ɗin da take cefane da shi, ta dafa ƙirji da hannun mai tabo.

"Anak saya," ta ce, wato 'yata ce. Matar ba ta ji ba saboda tafi, sai da ta sake faɗa da ƙarfi. "Anak saya. Ihsan."